Fitilar Baba Sale da 'Ya'yan Kunkurun Teku

Da sunan Allah, wanda ya san abin da ke kwance a cikin kowane ƙwai.

Wata magana ce da aka yi a falona, nan unguwar Misfala a Makka, ta sa na ɗauki alƙalami. Ranar wata Juma'a ce bayan la'asar, jikokina da ƙawayensu sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna kallon 'ya'yan kunkurun teku na rarrafe zuwa ruwa, an saka musu kiɗa a baya. Sai babbarsu, Hanan, ta ɗago ta kira ni yadda ake kiran kaka a nan, ta ce, "Sitti, wai wannan ne aikin da kike ta ba mu labari? Wallahi kin more. Yawo a bakin teku, iska na kaɗa ki, kuma a kira shi aiki!"

Na ce, "Ke da ko shara kika yi sai kin sha maganin ciwon baya?"

Suka kwashe da dariya, maganar ta wuce. Amma ni ba ta wuce mini ba. Don haka ga shi na rubuta, da Hausa, ko don ku wahala wajen karantawa ku san yaren kakanninku.

A Katsina aka haife ni, can na gama sakandare, aure ya kawo ni Makka. Maigidana, Abu Suwaiba, a nan aka haife shi. Kakansa ne ya zo Hajji a ƙasa ya zauna. Shekaru da yawa aikinsa na lokacin Hajji ne, yana yi wa alhazai jagora a Mina, sauran watanni kuma abin da ya samu. Daga baya Allah ya ba shi aikin gadi a wata mahmiyya, wato wurin da hukuma ta keɓe don kare halittu, a bakin Bahar Maliya, kudu da Jidda. Yara sun tasa a lokacin, sai na riƙa bin sa idan lokacin ƙwai ya zo, ina dafa wa masu gadin abinci. Tukunya ce ta kai ni wurin, ba kunkuru ba.

Aikina na farko shi ne riƙon bokiti. Wadda ke kula da gaɓar wata Balarabiya ce 'yar Jidda, Daktora Hind, ta karanci halittun ruwa. Ita kaɗai ce mace a cikin maza, tana neman wadda za ta riƙa raka ta sintirin safe. Ta leƙo madafa ta same ni ina tankaɗe, ta ce, "Ya Ummu Suwaiba, kina iya tafiya cikin yashi?" Na ce matar da ta tako daga Muzdalifa zuwa Mina da goyo a baya, ai yashi ba zai ba ta tsoro ba. Ta yi murmushi ta ce, "To, gobe bayan asuba." Kafin hantsi na gane kurena. A hanyar Mina ƙasa na riƙe maka ƙafa. A bakin teku kuwa duk takun da ka yi sai yashi ya karɓe rabinsa. Na dawo ƙafafuna kamar an daka su a turmi, ga girkin rana na jirana.

Uwar kunkuru da dare take fitowa. Ta haƙa gurbi, ta zuba ƙwai, ta binne, ta koma ruwa, ba ta ƙara waiwayarsu har abada. Mu abin da muke tararwa da safe sawunta ne kawai, faffaɗa kamar na tayar tarakta, ɗaya ya fito daga ruwa, ɗaya ya koma. Sai ka riga iska zuwa, don da ta taso za ta shafe komai. Kuma uwar nan ba wawuya ba ce. Takan watsa yashi a fili mai faɗi, ta bar wani ƙaton kwari a gefe; wanda bai sani ba sai ya zauna yana tonon kwarin har rana ta gasa shi, ƙwan kuwa na can ƙarƙashin tudun da ya taka ya wuce. Wani lokacin ta fito, ta ga abin da bai kwanta mata ba, ta juya ba ta ajiye komai ba. Na daɗe kafin idona ya iya raba fitowar banza da ta gaske. Daktora ba ta faɗa mini amsa. Sai ta tsaya ta naɗe hannu, ta ce, "Karanta mini." In na yi kuskure ta bar ni in haƙa har in gaji, sannan ta nuna da yatsan ƙafa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai siririyar sanda mai dasasshen baki, da ake lallaɓa yashi da ita. Inda ta nutse da sauƙi, nan ne wuyan gurbin, daga nan kuma a ajiye ta, hannu ne zai ƙarasa. Akwai ragar waya da ake shimfiɗa a kan gurbi a kafe ta da turaku, idonta ya isa ɗan kunkuru ya fita, bai isa hannun yanyawa ko bakin kare ya shiga ba. Akwai akwatin sanyi irin na masu sayar da ƙanƙara. Akwai tocila mai jan haske, wadda ita kaɗai aka yarda a kunna a gaɓar. Sai fensir. Ku da kuke raina fensir, ku saurara.

Ranar da na fara kwashe ƙwai, wani gurbi ne da uwar ta haƙa dab da ruwa, inda teku zai cinye shi. Na kwanta rubda ciki, na zura hannu har kafaɗa. Ƙwan zagayayye ne, fari, ɓawonsa da laushi kamar fata, in ka danna ya lotsa. Ni kuwa a gidan kaji da zabi na tashi. Abin da na sani tun ina yarinya shi ne ƙwai sai da juyi. Kaza ma da bakinta take juya nata. Na ɗago na farko ina shirin mirgina shi a tafin hannu in kakkaɓe yashin, sai Daktora ta damƙe mini wuyan hannu. Ta ce, "La, la, la! Wannan ba na kaza ba ne." Ta yi mini bayani: ba a daɗe da haihuwar ƙwan ba ɗan da ke ciki yake manne wa ɓawon ta sama. Ka juya shi, ka tsinke shi, ya mutu ba tare da ka ga alamar komai ba. Don haka kafin ka ɗaga kowanne sai ka ɗiga masa fensir a ka, ka ɗauke shi yadda yake, ka ajiye a akwati ɗigon na kallon sama, ka yi tafiya da shi kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike fal. A sabon wurin kuma ka haƙa gurbi irin na uwar, wuya siriri, ciki kamar tulu, zurfi daidai da nata, ka zuba har da yashin da ya jiƙe da ruwan jikinta. Zurfin ma ba wasa ba ne, don zafin yashi ne ke raba maza da mata a cikin ƙwan: in ya yi zafi su fito mata, in da sanyi-sanyi su fito maza. Da ta faɗa mini haka na daɗe ina tasbihi.

Daga nan sai jira, wajen wata biyu. Kullum safe ka zagaya, ka duba raga, ka kori karnuka, ka tsince ledoji, don manyan kunkuru kan haɗiye su a ruwa da zaton abinci ne. Na taɓa taya yanke tsohuwar koma daga wuyan wata uwa da ta fi tabarmar salla faɗi. Tana numfashi kamar tsoho ya hau bene, hawaye na zuba daga idonta. Daktora ta ce gishiri ne take fitarwa, ba kuka ba. Na ce na ji, amma ban fasa ce mata sannu ba.

Mugaye ba su cika wahalar da mu ba, don mugu yana tsoron mai gadi. Masu tausayi ne wahalarmu. Ranakun hutu mutane kan zo daga Makka da Jidda da iyalansu. Wata safiya ragowar wani gurbi suka makara, suka fito gari ya waye. Sai ga wani bawan Allah ya tattara su a cikin ƙasan rigarsa, ya nufi ruwa da gudu, 'ya'yansa na tafi. Na sha gabansa.

Ya ce, "Ya Hajja, lada nake nema!"

Na ce, "Allah ya ba ka. Sauke su."

"Ba ki ganin hankaki?"

"Ina gani. Ka tsaya ka kori hankakin, nan ladanka yake. Tafiyar kuwa tasu ce."

Rarrafen nan da kuke gani a waya, shi ke buɗe musu gaɓoɓi kafin su haɗu da igiyar ruwa. Masana kuma na cewa a nan suke haddace gaɓar da za su dawo su yi ƙwai bayan shekaru masu yawa. Wanda ya ɗauke su ya jefa a ruwa ya rage musu hanya, ya kuma rage musu ƙarfi. Masu shiga yashi da mota kuwa, ramin tayarsu kaɗai rijiya ce ga ɗan kunkuru. In ya faɗa sai ya bi ta tsawonta har rana ta kashe shi. Irin waɗannan magana ɗaya nake musu. In ce, "Kai ɗan Makka ne? A cikin Harami ka taɓa jifan tattabara, ko ka tsinke ciyawa?" Su ce subhanallahi. In ce, "To ka riga ka san yadda ake zama a wurin da aka ce a ƙyale halitta. Ba sabon abu muka zo da shi ba." Mafi yawansu sukan juya motar.

Yanzu bari in zo kan muguwar shekarar.

A ƙarshen gaɓar ta arewa akwai 'yan ɗakunan masunta da wani ƙaramin masallaci na bulo a kan tudu. Ladaninsa wani tsoho ne, Baba Sale, Bagobiri. Ya zo Hajji yana saurayi bai koma ba, ya bi masunta, ya yi aure, ya tsufa a wurin. Ɗansa guda, Iro, ya fita kamun kifi wata rana, injin jirginsa ya mutu, duhu ya rufa, ba a ƙara ganinsa ba. Bayan haka ne Baba Sale ya sa aka kafa wata ƙatuwar fitila fara, mai aiki da hasken rana, a kan dogon ƙarfe a saman masallacin, ya ce sadaka ce ga Iro, kuma ba za a ƙara rasa gaɓar nan a duhu ba. Tana kamawa da magariba, ba ta mutuwa sai gari ya waye. Shi kansa a lokacin yanar ido ta rufe masa gani. Ba ya ganin fuskar mutum, amma yana ganin fitilar nan kamar farin hazo, ita yake bi daga ɗakinsa zuwa kiran salla.

Fitilar ba ta taɓa damunmu ba, don kunkurun can kudu suke ƙwai, bayan wani dogon tudun yashi da ke tare hasken. Sai a shekarar nan, a ƙarshen lokacin ƙwai, iskar kudu da masunta ke kira azyab ta taso da wani irin ƙarfi, ta haɗu da ruwan sama. Teku ya hau, ya cinye gaɓar kudu. Da safe muka tarar da ƙwai warwatse a bakin ruwa kamar an zubar da kwandon lemo, ƙaguwa na ci. Duk aikin watanni ya tafi. Gurbin da suka tsira ba su kai yatsun hannu biyu ba, su ma ruwa na lasar gindinsu. Ɗaga ƙwan da ya yi nisa haɗari ne, amma barinsa mutuwa ce tabbas. Muka wuni muna ɗiga fensir, muna kai-kawo da akwati. Wuri ɗaya ne ya rage mai tudu da busasshen yashi: ƙasan masallacin Baba Sale. Can muka binne su. Duk abin da gaɓar nan za ta ba teku a wannan shekara, yana cikin waɗannan 'yan ramuka.

Gurbin farko ya fashe bayan 'yan kwanaki. Ni na fara isa da safe. Sawun 'ya'yan kunkuru ƙanana ne, kamar an ja tsintsiya a yashi, kuma in lafiya duk wuri ɗaya suke nufa, su bazu zuwa ruwa kamar alhazai sun taso daga Muzdalifa. Na duba gefen teku, yashi sumul. Na juya, sai ga sawun duk sun hau tudu. Na bi su. Na same su a gindin tankin alwala, da bakin ƙofar masallaci, da jikin bango inda suka yi ta zagaye. Hankaki sun riga ni. Waɗanda suka rage tururuwa ta lulluɓe su. 'Yan kaɗan na tsinta da rai.

Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne. Ɗan kunkuru in ya fito da dare ba ya ganin teku. Haske yake bi, don a gaɓar da babu mutane, wajen ruwa ya fi wajen tudu haske. Allah ya shirya musu haka tun fil azal. Fitilar Baba Sale ta fi teku haske.

Abu Suwaiba ya zo ya gani, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Yau zan kira ofis, su zo su sauke ta. Doka ta ba mu."

Na ce, "Malam, doka ta ba ka, amma ba a aika wa tsoho hukuma. Wannan sa'an mahaifinka ne. In suka sauke ta da ƙarfi, da wane ido za mu gaishe shi gobe? Kuma masuntan nan da ke kawo mana labari in sun ga kunkuru a koma, ka ɗauka za su ƙara?"

Ya ce, "To in wani gurbin ya fashe yau fa?"

Na ce dai ya ba ni dama.

Ina da ɗan garin dawa da kuka da wata alhajiya 'yar garinmu ta kawo mini tsaraba, ina ta tattalinsu. Ranar na tuƙa tuwo, na kaɗa miya har da daddawa, Abu Suwaiba ya raka ni. Muka sami Baba Sale a inuwar ɗakinsa yana laluben ƙullin wata koma. Ƙamshin ya riga sallamata isa. Ya ɗaga hanci ya ce, "Kai! Wa ya kawo Gobir bakin bahar?" Muka gaisa, muka ƙara gaisawa. Na tambayi ƙafa, na tambayi ido, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya suɗe kwanon sannan na fara kewaye-kewaye, daga iska, zuwa ɓarnar teku, zuwa ƙwan da muka binne a maƙwabtansa. Da na iso kan fitila sai ya ajiye kwanon.

"Mi kika ce, ɗiyata?"

"Na ɗan lokaci ne, Baba. Har su gama fita."

"In kashe hasken ɗakin Allah don kunkuru? Abin da ko layya ba a yi da shi?" Ya juya wajen Abu Suwaiba. "Ashe tuwon ga da ƙugiya cikinsa."

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Wanga haske ba nawa ba ne, na Iro ne. Ranar da ya ɓace, da akwai shi, da ya ga gida. Ku nemi wata dabara."

Muka nemi wata dabara. Daktora ta sa aka ɗaura tabarmi a jikin ƙarfen ta gefen teku. Hasken ya daki farin bangon masallaci ya dawo kan yashi, iska kuma ta yage tabarmin. Muka kewaye gurbin da katanga don mu tara 'ya'yan mu kai su nesa mu saki, amma ɗan kunkuru da ɗan guzurin ƙarfi yake fitowa, in ya ƙarar da shi wajen kokawa da katanga ba abin da zai yi iyo da shi. Wasu ma da aka saki, hasken ya sake jawo su daga cikin ruwan. Gurbi na biyu ya tafi kusan yadda na farko ya tafi. Abu Suwaiba ya ciro waya ya ajiye a kan tabarma tsakaninmu.

Na ce, "Gobe kaɗai. In bai yiwu ba, ni zan danna maka lambar."

Na lura da abu ɗaya: duk bayanin da muka yi wa Baba Sale, da baki muka yi. Mutumin da ya rasa ido kuwa da hannu yake gani. Washegari, ana sallame asuba gari ya fara haske, muka tsaya a ƙofar masallaci. Wasu 'yan kaɗan sun sake fita a daren. Na ce, "Baba, ba roƙo na zo ba. Abu nake so ka taɓa." Ya yi gunaguni, amma ya ba Abu Suwaiba hannu. Muka gangara da shi har bakin gurbin. Ya durƙusa da ƙyar, na ce ya shafa yashin a hankali.

Masunci ne, bai buƙaci a koya masa ba. Yatsunsa suka sami sawun, suka bi. Ya tsaya, ya karkata kai yana sauraron inda ƙarar teku take. Ya sake shafawa.

Ya ce, "Bahar na nan bayana."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"To mi suka nufa nan?"

Ya ci gaba da bi, da gwiwa da tafin hannu, tsoho mai furfura yana rarrafe a yashi, Abu Suwaiba na cewa "Baba, tashi in riƙe ka," yana ture shi. Haka ya hau tudun nan har goshinsa ya kusa taɓa dokin ƙofar masallacinsa. A nan, bayan wata buta, na ga ɗaya da sauran rai. Na ɗauko na sa masa a tafin hannu. Bai cika tafin ba. Yana ta iyo da hannuwansa a kan fatar tsohon, kamar yana cikin ruwa.

Baba Sale ya daɗe yana riƙe da shi. Sannan ya ce, "Wanga mi yake nema?"

Na ce, "Gida yake nema. Haske aka ce ya bi. Da ya ga naka ya fi, sai ya zo."

Can ya ce, a hankali, "Ashe ɓata ya yi."

Ya miƙo mini shi, ya dafa bango ya tashi, ya shige ɗakinsa. Bai ce zai kashe ba, bai ce ba zai kashe ba. Na kai ɗan kunkurun inuwa cikin jiƙaƙƙen yashi, don ba a sakinsu da rana.

Da la'asar sai muka ji bugun guduma. Na leƙa, na ga masunta na kafa turaku daga ƙofar ɗakin Baba Sale zuwa ƙofar masallaci, yana tsaye yana ba da umarni, suna ɗaura tsohuwar igiyar koma daidai tsayin ƙugu. Abu Suwaiba ya je ya ce, "Baba, ai da ka bari, ni zan riƙa zuwa ina kai ka." Ya ce, "Ladan da ake ja, ai sai a makara. Ka ja kunkurunka, ni ga igiyata." Babban masuntan kuma ya ja maigidana gefe ya raɗa masa cewa su sun daɗe da daina duba fitilar, kowane jirgi da na'urar da ke nuna masa hanya, kunyar tsohon ce ta hana su faɗa.

Da magariba ta yi, Baba Sale ya kira salla, fitilar ba ta kama ba. Shi da hannunsa ya lalubi makunnin.

Sharaɗi ɗaya ya kafa: ranar da gurbin ƙarshe ya fashe a zo a gaya masa, ya mayar wa Iro haskensa. Haka aka yi. Kunkurun kuma, da gaɓar kudu ta lalace, sai suka koma yin ƙwai a ƙasan tudun nan. Duk shekara in lokaci ya kusa, kafin in buɗe baki zai ce, "Ɗiyata, baƙinmu sun iso?" In na ce sun iso, ya ce, "To a rage musu fitila. Tuwona fa?" Ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Ladanin da ya gaje shi idonsa garau, amma bai kwance igiyar ba, kuma ya san watannin da ake kashewa.

Ni ma gwiwa ta zaunar da ni, na dawo Misfala ina kallon alhazai ta taga. Hanan, in har yanzu kina ganin yawo ne, ana ɗaukar mata a aikin yanzu fiye da da. Ki je, zan ba ki fensirina. Amma ki sani, abin da aka nuna miki a waya ƙarshen aikin ne, kuma ba kullum ake samunsa ba. Ni a duk shekarun da na yi, safiyar da ta fi zauna mini ita ce wadda ta biyo bayan kashe fitilar. Na fito da bokitina ina addu'a, na isa ƙasan tudun. Gurbi biyu sun fashe a daren. Sawun duk sun gangara, ba ko ɗaya da ya waiwaya, har inda ruwa ya shafe su. Na ɗaga kai sama, sai ga wani sawun a gefen igiya, na takalmin tsoho, yana jan ƙafar hagu, daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar masallaci.

Sawu iri biyu a yashi ɗaya, cikin duhu aka yi su, kuma kowanne ya isa inda ya nufa. Alhamdu lillahi.